Murfi Uku Ranar Awo

Shekara goma sha tara ina goge ƙasan ƙaramin asibitinmu, kuma ba yabon kai ba, babu wanda ya taɓa shigowa ya ce ya ga ƙazanta. Kowa Inna yake ce mini, har likitan da yake zuwa mana sau biyu a mako, wanda a haife na haife shi. Kayan aikina tsintsiya, bokiti, mofa da galan ɗin maganin goge ƙasa. An karanta mini abin da aka rubuta a jikin galan ɗin: murfi ɗaya a bokiti guda. Ni biyu nake zubawa. Ranar Talata kuwa, ranar awon masu ciki, uku nake yi, don mata sun fi hamsin suke cika zauren da yaransu da takalmansu. A ganina asibitin da ba ya warin asibiti bai cika asibiti ba. Tun daga ƙofar waje nake so hancin mutum ya gaya masa akwai mai aiki a nan.

Ƙarfe takwas, ƙasa ba ta gama bushewa ba, Sista, babbar nas ɗinmu, take tsayawa gaban benci ta yi wa mata bayani kafin a fara awo. Sista doguwa ce, dariyarta sai an yi da gaske, gilashinta a rataye a wuya. Idan tana magana ko tari kika yi sai ta dakata ta zuba miki ido har ki ji da ma kin haɗiye shi. Amma ta san aikinta. Bayanin nan ban san sau nawa na ji shi ba ina jingine da sandar mofa a bakin ƙofa, na haddace shi har da wuraren da take tsayawa ta ja numfashi.

Da maganar laulayi take farawa. Takan ce ga yawancin mata tashin zuciya ba ciwo ba ne, yakan lafa idan ciki ya shiga wata na huɗu. Ta ce a ci kaɗan-kaɗan, sau da yawa, kada a bar ciki wayam kuma kada a cika shi. A ajiye biskit ko busasshen burodi kusa da gado a ɗan ci kafin a tashi. A rage maiƙo da yaji, a riƙa kurɓar ruwa tsakanin abinci. Daga nan sai ta ɗaga yatsa ta ce, “Amma!” To, abin da yake bayan wannan amma ɗin shi ne maganar gaske.

A bayan ginin akwai famfo da ƙaramar kwata, nan nake wanke bokiti da mofa. Duk Talata ba na rasa mace ɗaya ko biyu a tsugune a wurin suna amai. Abin yana ƙona mini rai. Ga banɗaki can a ciki na wanke shi tas, amma sai kwatata suka ga dama. Nakan yi musu faɗa, in kwara ruwa, in wuce.

Talatar da nake ba ku labari, na fito da bokitina na tarar da wata yarinya da na gani a wurin mako biyu a jere. Ba za ta wuce shekara ashirin da biyu ba. Ta dafa kan famfon da hannu ɗaya tana yunƙuri, jikinta duk yana rawa. Na buɗe baki ke nan zan fara halina, sai ta ɗago.

“Ba abin da zan ɓata miki, Inna,” ta ce. “Babu komai a cikin. Yunƙurin ne kawai.”

Muryar kamar daga ƙasan rijiya. Na dube ta da kyau, abin da ban yi ba a makonni biyun baya. Leɓɓanta sun tsage, idanunta sun faɗa. Zoben da ke yatsanta an naɗa masa zare don kada ya zame. Na ajiye bokitin na tsuguna kusa da ita.

“’Yar nan, yaushe rabon da abinci ya zauna miki?”

“Kwana biyar. Ko shida.”

“Ruwa fa?”

“Tun shekaranjiya ko kurɓa na yi sai ya dawo.”

“Fitsari?”

Ta kawar da kai, kunya ta kama ta. Na ce ta gaya mini, ni da nake kwashe na asibiti guda ba abin da kunnena bai ji ba.

“Jiya da hantsi,” ta ce. “Ɗan kaɗan. Ja kamar shayi.”

Duk abin da Sista take jerowa bayan amma ɗin nan, ga shi tsugune a gabana. Idan kika yini kika kwana ruwa bai zauna ba, idan fitsari ya yi duhu ko ya ɗauke, idan jiri yana ɗibar ki, idan kina ramewa, wannan ya wuce laulayi, ki zo nan take, kada ki jira ranar awo. Ita kuwa ta zo har sau uku.

“Me Sista ta ce da ta gan ki?”

“Ba ta taɓa ganina ba.”

“Kamar yaya? Ina ce nan nake ganin ki duk mako?”

“Ba na iya shiga, Inna. Mama ce take karɓar lamba ta zauna mini a ciki. Idan aka kira mu sai ta fito ta kama ni, da na kai bakin ƙofa sai warin maganin nan ya buge ni, in dawo nan da gudu. Kafin in dawo hayyacina an wuce lambarmu, rana ta yi, sai mu koma gida.” Ta haɗiyi yawun da babu. “Ko a gida na tuna warin sai zuciyata ta tashi.”

Na sa ƙafa na tura bokitina bayan famfo.

Muna haka sai ga Maman tata, wato uwar mijinta, ta zagayo da sauri. Gajeriyar mata ce mai jiki, da ƙatuwar jaka a hammata, kati da lamba a hannu.

“Tashi mu tafi, ’yata,” ta ce. “Yau ma abin da suka faɗa ke nan. Ba ciwo ba ne, wata na huɗu zai wuce. Lambarmu arba’in da ɗaya, ba za ki iya wannan jiran ba. Gara ki kwanta a ɗakinki.”

“Yaya,” na ce mata, “kin tsaya har aka gama bayanin?”

“Ina zan tsaya, na bar yarinya a bakin kwata? Na ji abin da ya shafe mu na fito.”

“Farkon kika ji. Maganarku tana ƙarshe.”

Ta dube ni daga ɗankwali har silifa. “Baiwar Allah, ke likita ce ko mai shara?”

“Mai shara ce. Amma mai sharar da take tsayawa har a kai aya.”

“Haihuwa bakwai na yi,” ta ce, tana buga ƙirji. “Kowanne sai da na yi amai kamar zan amayar da hanjina. Ga ni nan.”

“A bakwai ɗin nan, akwai wanda kika yi kwana biyu ruwa bai zauna miki ba?”

Ta ƙara rungume jakarta. Sai a lokacin na ga ita ma a tsorace take. Jakar nan da take rungume da ita, bakinta a buɗe yake, na hango filas, da lemun tsami, da citta, da biskit kala uku. Matar ta yi iya abin da ta sani. Tausayinta ya kama ni, amma tausayi ba zai hana ta tafiya da yarinyar ba, na ga har ta kama hannunta tana ɗaga ta. Sai na miƙa hannu na zare katin daga yatsunta na cusa a aljihun rigar aikina.

“Ke! Wane irin rashin ta ido ne wannan?”

“Ki zage ni idan na dawo, Yaya, zan tsaya ki gama. Katin nan dai ba zai bar asibitin nan ba sai Sista ta ga mai shi.”

Na shiga ta ƙofar baya ina jin tana kiran jama’a su zo su ga ikon Allah. A zaure Sista ta bar laulayi ta shiga maganar ƙwayar ƙarin jini. Shekara goma sha tara ban taɓa katse ta ba, ko mofa ta faɗi a lokacin bayani sai na nemi afuwa. Na ratsa ta tsakiyar benci, mata suna janye gwiwoyi, na tsaya a gabanta.

Ta dakata. Ta zuba mini idon nan nata.

“Sista, akwai yarinya a bakin famfo. Ruwa bai zauna mata ba tun shekaranjiya. Rabonta da fitsari tun jiya da hantsi, shi ma ja. Ta rame har zobe yana zame mata. Yau zuwanta uku, ba ta taɓa shigowa ba, kuma yanzu za a mayar da ita gida.”

Wata daga baya ta ce, “Yau Inna ce malamar,” aka ɗan yi dariya. Sista ba ta yi ba. Ta miƙa wa ƙaramar nas takardar hannunta ta ce ta ci gaba, ta ɗauki abin awon jini ta ce, “Mu je.”

A bakin famfo ta tsuguna da fararen kayanta a kan jiƙaƙƙen siminti. Ta ce yarinyar ta fito da harshe. Ta tsunkuli fatar bayan hannunta ta saki, fatar ta tsaya a tattare ta ƙi komawa. Ta riƙe wuyan hannunta tana duban agogo, ta auna jininta. Uwar mijin ta manta da zagin da ta tanadar mini.

“Ƙarin ruwa take buƙata yanzu-yanzu,” in ji Sista. “Ku kamo ta zuwa ɗaki na biyu.”

Muka kama ta, ni dama, uwar mijin hagu. Taku goma ne zuwa ƙofar baya. Muna isa ta ja numfashi ɗaya, ta turje, yunƙurin ya dawo, gwiwoyinta suka saki. Da ba mu riƙe ta ba da ta kai ƙasa.

Na ja Sista gefe. Maganar ta yi mini nauyi, amma ba lokacin jin nauyi ba ne.

“Ƙasan ne, Sista. Maganin da nake gogewa da shi.”

“Murfi nawa kike zubawa?”

“Ranar awo uku.”

Ta dube ni, na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. “Za mu yi wannan maganar,” ta ce. “Yanzu ina ne ba ki goge ba?”

Barandar baya ce kawai, inda muke shanya zannuwan gado. Na ruga na ciccibo benci ni kaɗai, ban san inda na samo ƙarfin ba, na shimfiɗa zanen gado da filo. Muka kwantar da ita. Sista ta rataye ledar ruwan a ƙusar da muke ɗaure igiyar shanya. Jijiya ta ƙi samuwa, duk sun lafe. Sau biyu tana sokawa ba sa’a, uwar mijin tana runtse ido kamar ita ake sokawa. A na uku jini ya leƙo, ruwa ya fara ɗiga. Sista ta yi wa yarinyar allurar tsayar da amai da ta bitamin, ta buga wa likita waya ta gaya masa halin da ake ciki.

Da ta ajiye wayar ta tambaye ni, a hankali, “Su nawa suke zama a nan duk Talata?”

“Biyu. Wani lokacin uku.”

“Tun yaushe?”

“Tun da na fara aiki.”

“Me kike yi idan kin gan su?”

“Faɗa nake yi musu.”

Na zaci nan za ta sauke mini kwandon masifa, kuma na shirya ɗauka. Sai ta cire gilashin daga wuya tana goge shi da gefen riga. “Ni kuma ina ciki ina ƙirga benci, ina murna sun cika,” ta ce. “Masu lafiya nake ta yi wa bayanin ciwo.”

Ban tsaya jimami ba, aiki ne a gabana. Yarinya ba za ta yini a baranda ba, rana tana juyowa nan da azahar. Na buɗe tagogin ɗaki na biyu duka, na ɗauko sabuwar mofa da ba ta taɓa shiga magani ba, na wanke ƙasan da zallan ruwa. Na kwashe na sake. Sau biyar na yi, har da hanyar da za a bi da ita daga ƙofar baya. Hancina ya daɗe da mutuwa a kan warin nan, don haka na kamo wata mai ƙaramin ciki daga layi na ce ta shiga ta shaƙa mini. Ta ce da saura. Na ƙara biyu, bayana yana cewa wayyo, na ce masa ya yi mini shiru.

Duk fitowar da zan yi ɗiban ruwa sai na ji muryar Sista a baranda. Ta zaunar da uwar mijin a kan kujera tana yi mata bayanin ita kaɗai, daga inda ta saba ficewa.

“Mama, laulayi kala biyu ne. Akwai irin wanda kika yi, akwai irin wannan. Wannan ba a daure masa, ba raki ba ne, kuma ba laifin kowa ba ne. Akwai maganin da ba ya taɓa ɗan da ke ciki, mu za mu ba ta, kada a je kemis a sayo mata wani. Idan kun koma gida, cokali-cokali za ki riƙa ba ta ruwa, ba kofi ba. Abin da ta ce za ta iya ci shi za a ba ta, ko loma biyu ne, kuma mai sanyi ya fi mai tururi. Girki a yi shi nesa da ɗakinta. Turaren mijinta ma a ɓoye shi.”

“Wannan ni da kaina zan ɓoye,” in ji uwar mijin. “Da ma ya ishe ni.”

“Yanzu maimaita mini. Me za ki gani ki dawo da ita ko ba ranar awo ba?”

Matar ta ajiye jaka ta shiga lissafawa da yatsu. Ruwa ya ƙi zama yini da kwana. Fitsari ya yi ja ko ya ɗauke. Jiri. Rama. Ta tsaya a na biyar tana lalube.

“Jini a cikin aman,” na ce daga bakin famfo.

“Na sani, malama mai shara, bari na yi in ga ko kina saurare.”

Kafin azahar muka shigar da yarinyar ɗaki na biyu. A bakin ƙofa ta tsaya, ta ɗan shaƙa, duk muka riƙe numfashi. Ta taka ta shiga. Likita ya iso ya duba ta, ya ce za ta kwana biyu a wurinmu, ya ce cikin yana nan lafiya, amma da an ƙara kwanaki a gida a haka, ba ya son ya faɗi abin da zai iya faruwa da ita. Uwar mijin ta fita waje ta daɗe, ta dawo idonta ja ta ce ƙura ce ta shiga.

Sista ta gama awon mata ta same ni ina matse mofa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce daga yau murfi ɗaya, kuma gugar ranar awo a yi ta tun Litinin da yamma a bar tagogi a buɗe. Ta ce duk Talata kafin ta tsaya gaban benci za ta fara zagayawa bakin famfo, kuma duk wadda na gani a tsugune a wurin, ko wace rana ce, in yi mata tambayoyin da na yi wa wannan in zo in kira ta, ko tana tsakiyar magana. Na ce to. Na ƙara da cewa benci ɗaya zai zauna a barandar nan dindindin, kuma duk wanda ya ɗauke shi ni da shi ne.

Leda ta uku tana ƙarewa, wajen la’asar, yarinyar ta ce tana jin fitsari. Na kawo tasa da gudu. Abin da na kwashe a rayuwata Allah kaɗai ya san yawansa, amma ban taɓa ɗaukar tasa da farin ciki irin na ranar ba. Na kai wa Sista har ofis, ta ɗaga ta duba a hasken taga ta ce, “Alhamdu lillahi, jiki ya fara karɓa.”

Da na koma ɗakin uwar mijin ta tafi gida ɗauko kaya. Yarinyar tana kwance a kan gefenta, ta sha cokali huɗu na ruwa kuma duk sun zauna. Na gyara mata filo, na share mata goshi. Sai ta riƙe gefen rigata.

“Inna, jiya na ce a raina da ma cikin ya zube in huta. Na kasa gaya wa kowa.”

“Wahala ce ta faɗa, ba ke ba. Ga shi kuma yana nan, ke ma kina nan.”

Hawaye ya gangaro mata kan filo. Can ta ce, “Ba don ke ba da yanzu ina gida. Ban san da bakin da zan gode miki ba.”

Godiyar nan ta fi ƙarfina. Na ji ba zan iya tafiya gida da ita ba.

“’Yar nan, kada ki gode mini. Warin da ya hana ki shiga mako uku, ni ce nake zuba shi. Da hannuna.”

“Na sani, Inna.”

“Kin sani?”

“Yana jikin hannunki. Tun da kika tsuguna kusa da ni da safe nake jin sa.” Ta lumshe ido. “Daurewa na yi ta yi. Ke kaɗai ce kika tambaye ni, ban so ki tashi ba.”

Na janye hannuna daga goshinta a hankali. Na fita bakin famfo, na ɗauki sabulu marar ƙamshi na wanke hannayena har gwiwar hannu, na ɗauraye, na sake, har fatar ta yi fari. Sannan na koma na zauna kusa da ita na ɗauki cokalin.